Yadda Aka Yaye Mama Daga Tramol

Sunana Rahila, ina koyar da ƙananan yara a wata lakwal a nan Damagaram. Na daɗe ina jan ƙafa kan rubuta wannan labari, don har yau idan aka ambaci tramol a gabana sai in ji kamar da ni ake, in sunkuyar da kai. Mama ce ta ce in rubuta, kuma kada in yi masa kwalliya, ko wani zai gane abin da ke cikin gidansa tun bai kai inda namu ya kai ba.

Mahaifiyata, Saratu, ta haura sittin. Duk wanda ya san majami'armu ya san ta. Shekara da shekaru ita ke jagorar zumuntar mata, ita ke ɗaga waƙa, ita ake kira idan aure ya yi tsami ko an yi rashi. Ko goro ba ta ci. Babanmu malamin lakwal ne. Bayan rasuwarsa muka rage ni da ita a gidan, yayana Iliya kuma yana aiki a Yamai.

Da damina abin ya fara. Tana dawowa daga kasuwa a kan kabu-kabu, babur ya zame cikin yashi, ta faɗi a kan ƙugunta. Aka yi mata radiyo, wato hoton ƙashi, aka ce babu karaya. Likita ya rubuta magani na ƴan kwanaki, har da tramol a ciki, ya ce idan ya ƙare a daina. Maganin ya ƙare, ciwon bai ƙare ba. Ta yi kusan wata tana tafiya da dafa bango. Sai kuma kwatsam ta miƙe. Ta koma shara, ta koma wanki, har tana rera waƙa a madafa, abin da rabona da ji tun Baba na da rai. Na yi ta godiya ga Allah. Ban tambayi kaina me ya miƙar da ita ba.

A hankali wasu abubuwa suka shigo. Gumi ko da sanyi ake. Susar hanci da wuya. Abinci ya daina shiga, zane ya fara yi mata yawa. Tana cikin magana sai ka ga ta yi gyangyaɗi, ta farka ta ci gaba daga wani wuri daban. Wata rana na ɗauke ɗankwalinta daga kan gado zan wanke, ta fizge shi daga hannuna da wata irin tsawa da ban taɓa ji a bakinta ba. Na ce tsufa ne. Kowa na gaya wa, shi ma ya ce tsufa ne.

Ranar ɗaurin auren ƴar fastonmu asirin ya fara fita. Majami'a cike, Mama na gaba tana ba da waƙa, mata na amsawa. A tsakiyar baiti muryarta ta yanke. Ta faɗi ta sandare, sannan jikinta ya kama fizga, kumfa na fita a bakinta. Fitsari ya kufce mata a gaban jama'a. Mata suka kwance mayafansu suka kewaye ta, Allah ya saka musu, amma wanda zai gani ya riga ya gani.

A asibiti wata ma'aikaciya ta tambaye ni, “Tana shan wani magani kullum?”

Na ce, “Babu. Mamata ko na ciwon kai sai an yi da ita take sha.”

Da alfahari na faɗa. Mama na kwance, ta juya fuska ga bango. Aka auna ta, aka ce tansiyonta, wato jininta, ya ɗan hau, aka ba mu magani muka dawo gida.

Mako bai cika ba, na fito daga lakwal da rana tare da diraktanmu, muna maganar jarabawa. Wani mutum mai tallar magani a kan keke, irin masu yawo unguwa-unguwa da kwali cike da ƙwayoyi, ya taka birki a gabanmu yana fara'a.

“Madam, ina wuni? Ya jikin Mama? Kwana biyu ban gan ta ba. Ki gaya mata ga nata nan na ajiye mata, jan nan mai ƙarfi, kada ta damu.”

Na ce, “Wane nata?”

Ya ce, “Tramol mana. Ai ta fi shekara a hannuna take saya.”

Dirakta ya ciro salularsa ya kama dubawa kamar an kira shi. Har yau bai taɓa tayar mini da maganar ba, kuma ban san yadda zan gode masa ba. Ni kuwa na wuce gida kai tsaye.

Na tarar da ita tana tsintar shinkafa a tsakar gida. Na tsaya a kanta na ce, “Mama, mai keken magani yana gaishe ki.”

Hannunta ya tsaya cikin faifan.

“Na ciwon baya ne,” in ji ta. “Bayan nan ne ba ya bari na.”

“Kullum kike sha?”

Ta ci gaba da kallon faifan.

“Mama, kullum?”

“Idan ban sha ba, ba na iya tashi, Rahila.” Sai ta kama gefen zanena. “Kada ki gaya wa Iliya. Na roƙe ki.”

A ranar na kira shi.

Yaya Iliya ya iso da motar kashegari. Mutum ne mai son uwarsa, mai kuma tsananin kishin sunan gidanmu. Bai zauna ba sai da ya birkice ɗakinta. Abin da ya samu a ƙarƙashin katifa da cikin tsohuwar kwalla ya tattara ya zuba a masai, ya dawo ya ce, “Daga yau an gama. Ba mai fita, ba mai shiga. Duk wanda ya tambaya, tansiyo ne. Ɗan limamin unguwa ma idan aka ce yana shan ƙwaya abin magana ne, balle uwar zumunta.”

Na yarda da shi. A ganinmu abin kamar cire ƙaya ne, a ji zafi sau ɗaya a huta.

Makon nan na farko ba na fatan ko maƙiyina ya gan shi. Ta fara da hamma da hawaye da majina kamar mai mura. Sai amai, sai zawo. Ta ce ƙasusuwanta ake sara. Ƙafafunta ba sa tsayawa wuri ɗaya, ta kwanta, ta tashi, ta zaga, ta sake kwantawa. A lulluɓe ta ta ce zafi, a yaye ta ta kama makyarkyata. Barci kuwa ya ƙaurace mata gaba ɗaya. Ina wanke zannuwa ina shanyawa a bayan ɗaki don kada maƙwabta su ƙirga.

Duk da ƙofar da muka rufe, masu dubiya ba su fasa ba, kuma kowa da maganinsa. Kawu Dogo, ƙanen Mama, ya zo daga Guna. Dangin Mama na can musulmi ne, ba mu kuma taɓa samun saɓani da su ba. Ya zo da jiƙo a galan da rubutu a kwalba, ya ce faɗuwar nan a cikin taro alamar iska ce, ko kuma baki. Matar fasto ta zo da mata biyu, suka yi addu'a har muryoyinsu suka dushe, ta ce mu haɗa da azumi. Wata ta ce a hana ta gishiri, wata ta ce a dafa mata ganyen zogale. Ba na ganin laifin ko ɗaya. Ciwon da muka gaya musu shi suka yi ta nema wa magani. Na gaskiyar yana cikin bakinmu mun danne.

Wata safiya ina dama kunu na ji muryarta a zaure. Na leƙa. Mama ce durƙushe a ƙasa, gwiwa biyu, a gaban Yaya Iliya, ta riƙe ƙafar wandonsa.

“Iliya, don girman Allah, guda ɗaya. Rabi ma ya isa. Ni na haife ka. Ba zan ƙara roƙonka komai ba har in mutu.”

Yaya ya tsaya kamar an dasa shi. Sai ya ɓamɓare hannunta a hankali, ya fita waje, ya jingina da katanga yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ni kuma na koma madafa na zauna, kunun ya ƙone. Daga ni har shi ba wanda ya iya kallon idon ɗan'uwansa a ranar.

A mako na biyu aman ya lafa, muka ɗauka an ci ƙarfin abin. Ashe mafi munin ne ke tafe. Ta daina roƙo, ta daina magana. Ta wuni tana kallon wuri ɗaya. Abinci ko ta karɓa sai ta ajiye. Ran nan ta kira ni ta buɗe akwatinta, ta fara ware zannuwanta masu kyau: wannan a ba wance, wannan naki ne. Na ce, “Mama, rabon me kike yi?”

Ta ce, “Da na bi babanku da kun huta. Wace fuska gare ni kuma?”

Ba da kuka ta faɗa ba. A natse ta faɗa, kamar mai cewa za ta kasuwa. Wannan natsuwar ce ta tsorata ni.

Hajiya Mariyama ce ta cece mu. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata, ƴar unguwar Birni ce, tana sayar da turaren wuta da tabarmi, sun fi shekara ashirin suna miƙa wa juna tuwon salla da na Kirsimeti ita da Mama. Da hantsi ta shigo ba ta jira an yi mata iso ba, ta ja ni gefe.

“Ƴar nan, katangar nan ba ta da kauri. Abin da nake ji ba tansiyo ba ne. Na san kukan nan, a ɗakina aka yi shi. Ɗana na biyu, lokacin da yake kabu-kabu.”

Na buɗe baki zan musa, ta ɗaga mini hannu.

“Ban zo jin ƙarya ba. Akwai wani ɓangare can bayan asibiti, can muka kai shi, yau ga shi da mata da ƴaƴa. Ki shirya ta gobe, ni zan raka ku.”

Na san ɓangaren da take nufi. Duk garin nan gidan mahaukata ake ce masa. Da na gaya wa Yaya sai ya ce, “Uwata? A can? Sai dai bayan raina.” Na gaya masa maganar zannuwa da abin da ta ce. Can ya ce hutun da aka ba shi ya ƙare, gobe zai koma Yamai, in yi abin da na ga ya dace, zai riƙa aiko da abin da ya samu. Ya kuwa cika alkawari. Amma ƙafarsa ba ta taka wurin ba sai bayan watanni. Na ji haushinsa a lokacin. Yanzu na san abin da ya kore shi shi ne ya sa ni ma na ja mayafi har kan hancina da muka doshi ƙofar.

Mun tarar da layi tun daga baranda har gindin bishiya. Kusan duk samari ne, kowanne da uwarsa ko wansa. Wani na surutu shi kaɗai, wani an ɗaure masa hannu da rawani, da yawa kuma suna zaune shiru kamar kowa, ba za ka ce komai na damunsu ba. Muka samu gefen benci. Rana ta take, ba ruwan sha a kusa, ma'aikaci ɗaya ne ke karɓar mutane, shi ke kiran suna, shi ke raba faɗa.

Wata mata da ke kusa da Mama ta dube ta da tausayi ta ce, “Sannu, Inna. Wanne ne naki a cikinsu? Ɗa ne ko jika?”

Mama ta sunkuyar da kai. Ni na ce, “Yana ciki,” na nuna wajen ƙofa da haɓa. Ban rufe baki ba ma'aikacin ya leƙo ya ƙwala kiran sunan Mama, cikakke, har da na Baba. Ta miƙe da kyar. Matar ta bi mu da kallo. Hajiya ce kawai ta iya tafiya kanta a sama.

Likitan saurayi ne, gajiya a fuskarsa. Na shiga ina jiran faɗa, bai yi ba. Ya gaishe ta da ladabi, ya tambaye ta tun yaushe, wane iri, da safe ko da yamma, kamar mai tambayar ciwon ido. Ya ce faɗuwar da ta yi a majami'a yawan ƙwayar ne ya kawo ta. Da na ba shi labarin yadda muka zubar da komai rana ɗaya, ya dafe goshi.

“Kun yi sa'a,” in ji shi. “Ba a yin haka a gida, balle ga mai shekarunta.”

Ya faɗi wata kalma ta Faransanci da ta zauna mini, sevrage. Ya juya ga Mama ya ce, “Ma'anarta yaye. Mama, yaya kuke yaye yaro?”

Karon farko cikin kwanaki ta amsa magana. Ta ce, “A ɗauke shi a kai gidan kakarsa. Ya yi kukansa ya gama.”

Likita ya yi dariya. “To, irin yayen da ƴaƴanki suka yi miki ke nan. Nawa ba haka yake ba. A hankali ake yin sa, da magani, da ido a kai. Kuma jikin ne kawai nawa. Abin da ke cikin zuciya akwai wadda za ki gani.”

Saboda maganar mutuwa da ta yi, da kuma ruwan jikinta da ya ƙare, ya kwantar da ita. Na nemi izini a lakwal, aka ba ni ba tambaya. Kwanakin nan sun sha mini kai. Sauro, wari, banɗaki ɗaya ga mata duka. Rabin abin da aka rubuta babu shi a wurin, sai na bi farmasi-farmasi cikin gari, kuma duk inda na miƙa takardar sai in ga kamar mai sayarwa ya karanta ya dube ni sau biyu. Na riƙa zuwa na unguwannin da ba a san ni ba. Albashina bai ga tsakiyar wata ba. Amma a wurin nan ne wata ma'aikaciya ta riƙa zama tana ba Mama kunu cokali-cokali tana kiranta Kaka, kuma a wurin nan ne Mama ta yi barcin kirki na farko.

Bayan an sallame mu aka haɗa mu da Madam Fanna, mai ba da shawara. Babarbariya ce, doguwa, ba ta da gaggawar magana. Ofishinta ɗan ƙarami, kujeru uku da fanka da ba ta juyawa. Kowane mako muke zuwa. Zuwan farko Mama ba ta ce komai ba sai “lafiya lau”. Na biyu ta yi ta ba da labarin ƙugunta. Na fara cewa a raina, wannan zaman me yake ƙarawa? Mu sha rana, mu biya kabu-kabu, don a zauna ana kallon juna?

A wani zuwan, Mama ta ce in zauna kada in fita. Madam Fanna ta tambaye ta, “Mama, a wuni, wane lokaci ne kika fi jin son ki sha?”

Mama ta yi tunani. “La'asar.”

“Bayan naki ya fi ciwo da la'asar?”

“A'a.”

“To me ke faruwa da la'asar?”

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Sannan ta ce, “Lokacin babansu yake dawowa. Ya jingina kekensa, in shimfiɗa tabarma, ya kunna rediyo. Ba ma wata hira. Muna dai zaune. Ranar da aka binne shi ban yi kuka ba. Ni ke gaya wa matan da suka rasa maza su yi haƙuri, yana wurin Ubangiji. Yaya zan yi kuka a gabansu? Da na sha abin nan saboda baya, sai na ji la'asar ta wuce ban sani ba. Shi ke nan.”

Sai kukan ya zo. Na shekaru. Madam Fanna ba ta ce ta yi haƙuri ba, ba ta ce ta daina ba, ta dai matsa mata da kwalin hankici. Ni da nake kwana gida ɗaya da ita, nake dawowa daga lakwal in wuce ɗakina da littattafan yara, ban taɓa lura da yadda la'asar take a tsakar gidanmu ba.

Madam Fanna ta ce mana wannan ciwon damuwa ne, ciwo ne kamar sauran, ba ƙarancin bangaskiya ba ne. Likita ya ƙara magani dominsa. Aka tura ta wurin masu motsa jiki saboda ƙugun. Aka kuma shirya yadda la'asar ba za ta riƙa samunta ita kaɗai ba: Hajiya ta fara shigowa da kayan turarenta suna ƙullawa tare, ni kuma na koma gyaran littattafan yara a kan tabarma kusa da su.

Wata na biyu ya yi kyau. Ta fara cin tuwo, kumatunta suka ɗan ciko. A na uku muka koma baya.

Ta je suna a Birni, gidan dangin Hajiya. Ta dawo da fara'a fiye da kima, tana ta zuba, tana susar hanci. Na ce, “Mama, kin sha.”

“Ban sha ba.”

“Ba ni jakarki.”

Na zazzage jakar a ƙasa, babu komai. Na kama bakin zanenta na kwance ƙullin, goro ne na suna da alewa. Tana tsaye tana cewa, “Rahila, ni ce fa. Rahila.” Ban ji ba. Na kai hannu na cire ɗankwalin kanta. Furfurarta ta bayyana, ƙwaya biyu suka faɗo daga cikin ƙullin suka gangara ƙasa.

Na yi gaskiya, amma ban taɓa jin na muzanta irin na lokacin ba. Ta tsaya kai ba ɗankwali a tsakar gida, hannayenta a kan kanta. Ba ta dubi ƙwayoyin ba, ni ta duba.

“Ko babanku bai taɓa cire mini ɗankwali ba,” in ji ta. Ta shige ɗaki.

Kwanaki ba ta yi mini magana ba. Da ranar zuwa wurin Madam Fanna ta zo, na ɗauka ba za ta je ba, sai na ga ta riga ni shiri. Da bakinta ta faɗi abin da ya faru: a gidan sunan ta ga wata tsohuwa da mijinta sun zo tare, yana riƙe mata takalmi, da ta fito kuma ga mai talla a bakin lungu. Madam Fanna ta ce komawa baya yana faruwa ga da yawa, ba ya nufin aikin ya rushe, abin da ake so shi ne a faɗa da wuri. Sannan ta juyo gare ni.

“Madam, jandarmomi suna da yawa a garin nan. Ƴa kuwa guda ɗaya gare ta. Idan kika zama mai caje, wa za ta gaya wa ranar da abin ya taso mata?”

A gaban Madam Fanna na durƙusa na ba Mama haƙuri. Ta ce ta ji. Ba ta ce ta yafe ba, sai daga baya. Aka yi yarjejeniya: ni ba zan ƙara taɓa kayanta ba, ita kuma duk lokacin da ta ji sha'awar za ta ce mini, “Yau da nauyi.” Ta faɗa sau da yawa. Wani lokaci mu fita mu zaga unguwa, wani lokaci in dafa ruwa in gasa mata baya, wani lokaci mu zauna kawai har ya wuce.

Ita da kanta ta je ta gaya wa fasto da matarsa gaskiya, ta ajiye jagorancin zumunta. Na roƙe ta kada ta je, ta ce ta gaji da tansiyon ƙarya. Maganar ta bazu, kamar yadda na ji tsoro. Akwai waɗanda suka daina aiko ƴaƴansu gidanmu. Akwai wadda har yau idan ta gaishe ni sai ta ƙara da “ya mai jiki?” da wata irin murya. Akwai kuma waɗanda suka fi da zuwa. Kawu Dogo da ya ji, cewa ya yi, “Da kun faɗa mini tun farko, da ban wahalar da malamin ba,” ya aiko da buhun gero.

Ga wanda ke karanta wannan: idan tsohonka ko tsohuwarka ta ji ciwo, ka san abin da take sha da inda take samo shi. Abin nan ba na ƴan kabu-kabu kaɗai ba ne. Idan ka gano, kada ka zubar ka kulle ƙofa kamar yadda muka yi, ka kai ta wurin likita. Idan ta fara rabon kaya ko maganar mutuwa, kada ka jira gobe. Benci ne mai wuyar zama, na sani. Ni ma har yanzu, duk wata idan muka je, sai na duba hagu da dama kafin in shiga.

Yanzu ta haura shekara ba ta sha ba. Ba na cewa ta warke, ita ma ba ta cewa. Kwanan baya, da Yaya Iliya ya zo hutu, ta ce mu kai ta maƙabarta. Tun ranar jana'iza ba ta taɓa zuwa ba. Muka je da safe. Ciyawa ta rufe kabarin, ta sunkuya da ƙugun nan nata tana cirewa, ta hana mu taya ta. Da ta gama ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafafu.

“Malam,” in ji ta, haka take kiran Baba, “na san ba ka ji na, Mai ji yana sama. Amma bari in faɗa. Ka tafi ka bar ni, na yi abin kunya. Na durƙusa wa ɗanka. Ƴarka ta tuɓe mini ɗankwali. An kira sunanka a gidan mahaukata.”

Yaya ya juya baya. Ni ina kallon ƙasa.

Ta share fuska da bakin mayafi, ta numfasa.

“Amma ba su yar da ni ba. Shi na zo in gaya maka.”

Ta miƙo mana hannuwa biyu, ɗaya gare ni, ɗaya gare shi.

“Ku tashe ni, rana ta fara zafi.”